Lidon Waya Da Lidon Katako: Me Ya Sa Har Yanzu Matashin Bagega Ke Buƙatar Mai Shagon Unguwa?

A ranar 3 ga Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara, bisa umarnin hukumar NCC da buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce, amma a yawancin ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba sabis ya dawo. A tsawon wannan lokaci babu kira, babu WhatsApp, babu TikTok, kuma duk wasan da ke buƙatar intanet ya tsaya cak. An rufe kasuwannin mako-mako ma a lokacin, don haka wanda bai tanadi abin ɗebe kewa tun da wuri ba, sai dai ya zauna yana kallon waya.

Duk matashin Anka, Gummi ko Bukkuyum da ya ga wannan zamani ya san cewa wasan da ke cikin waya aro ne. Yana tare da mutum muddin akwai caji, akwai data, akwai sabis. Allon lido ko na dara kuwa, da zarar an biya kuɗinsa ya zama na mai shi. Shi ya sa ya dace matashin da ke ware kuɗin data duk mako ya ware wani abu sau ɗaya, ya je wurin mai shagon garinsu ko kafinta ya mallaki allon wasa na hannu.

Wasan kyauta ma ana biya

Ludo King, wanda kamfanin Gametion na Indiya ya fitar a 2016, an sauke shi fiye da sau miliyan 500 a Play Store. Kyauta ake sauke shi, kamar yawancin wasannin da ke yawo ta Xender. To da me masu irin waɗannan manhajoji ke biyan ma'aikata? Da talla, da kuma sayar da sulallan cikin wasa. Kowane bidiyon talla da ya faɗo tsakanin zagaye da zagaye, datar mai waya ce ta ɗauko shi, batirinsa ne ya kunna shi. Ribar kamfani tana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewar mutum a kan allon waya, don haka ake ƙera wasan da kyaututtukan kullum da saƙonnin tunatarwa masu jawo shi ya dawo.

A garin da wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, akwai ƙarin kuɗi, wato na mai cajin waya. Wayar da aka yi awa uku ana lido da ita, ita ce za a nema da daddare idan wani ya kamu da rashin lafiya ko aka ji motsin da ba a yarda da shi ba. A yankin da tsaro ke da wuya, cajin waya ba abin ɓarnatarwa ba ne.

Gaskiya ne Ludo King yana da sashen da ake bugawa ba tare da intanet ba, mutum huɗu su riƙa miƙa wa juna waya ɗaya. Amma wanda ya taɓa gwadawa ya san yadda abin ke ƙarewa: kira ya shigo, wasa ya tsaya, mai waya ya tashi, majalisa ta watse. Allon katako ba ya bin mai shi zuwa amsa kira.

Darasin da ƙasar Bagega ta koyar

Akwai dalili na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Dara, wasan da aka gada kaka da kakanni, a ƙasa ake yin ta. A tona gurabe talatin, layi biyar sahu shida, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da karare. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Ba a sayen komai, ƙasa ce allo.

Sai dai ƙasar wannan yanki tana da tarihi. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa ta sauka a tsakar gida da filin wasa, yara suka riƙa kai ta baki da hannayensu. Fiye da yara 400 suka rasu. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan gangamin #SaveBagega da Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money suka yi a Twitter har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin.

An share garin, amma haƙar zinare ba ta tsaya ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa. Manya na tona gurbin dara da yatsa, ƙanana na zaune a gefe suna wasa da tsakuwar da aka ci, daga nan sai baki. Allon katako da aka ɗora a kan benci ko tabarma mai tsabta yana ɗaga wasan daga ƙasa. A wani gari wannan ado ne, a Bagega kuwa kariya ce, musamman idan aka haɗa da wanke hannu kafin cin abinci.

Ina ake samu?

Babu wanda zai ce a ƙauyen Zamfara akwai shago na musamman na kayan wasannin allo irin na Legas ko Abuja. Masu wannan sana'a a nan su ne mai tireda, da ɗan koli a ranar kasuwa, da mai sayar da littattafai da kayan makaranta, sai kuma kafinta. Jumia da Konga sun fi ƙarfi a manyan birane, kuma sau da yawa kuɗin kawo ƙaramin kaya daga nesa ya kan kusa kai kuɗin kayan. Mai shagon gari kuwa dama yana zuwa sari Gusau ko Anka. Idan matasa biyar suka tambaye shi lido a mako ɗaya, a tafiya ta gaba zai ɗauko. Ɗan kasuwa abin da ake tambaya yake sarowa.

Sayen hannu da hannu yana ba mutum damar da hoton intanet ba ya bayarwa, wato ya duba kafin ya biya. Lido cikakke yana da 'ya'ya 16, huɗu ga kowane launi, da dayis ɗinsa. Kartar Whot guda 54 ce. Draf ɗin da aka fi bugawa a Najeriya mai gida ɗari ne, kowane ɓangare da 'ya'ya 20. Ches yana da gida 64 da 'ya'ya 32. A ƙirga a gaban mai shago. Idan allon mai gilashi ne a duba gefensa, kada ya yanki yaro. Wanda fentinsa ke ɓarewa a bar shi, domin wasu fentin masu arha suna ɗauke da dalma, kada a gudu daga gubar ƙasa a faɗa ta fenti. Allon dara kuwa, kafinta zai iya fafe gurabe talatin a guntun katako, ba sai an shafa masa komai ba. Kuɗin kuma ya zauna a cikin gari.

Maganar caca

Iyaye da malamai da yawa suna ƙyamar karta da lido saboda tsoron caca da ɓata lokacin salla, wasu malaman ma suna hana duk wasan da ake jefa dayis. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma wanda ya bi wannan fahimta yana da dara da draf, waɗanda babu jefe a cikinsu, lissafi ne zalla. Abin lura shi ne cacar wannan zamani ta koma cikin waya. Manhajojin caca suna karɓar kuɗi kai tsaye daga asusun mutum, cikin ɗaki, ba mai gani. Wasan da ake yi a ƙofar gida kuwa yana gaban idon kowa. Idan aka sa kuɗi, dattijon da ke wucewa zai gani, idan aka kira salla, wani zai naɗe tabarma.

Kuma waɗannan wasanni suna kai mutum nesa. Wellington Jighere ya zama zakaran Scrabble na duniya a 2015 a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa, ya koyi ches ne a shagon aski a Ikorodu, kuma a Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na New York. A maƙwabciya Nijar, dara da suke kira dili har gasa ake shirya mata.

Inda waya ke da amfani

Waya tana da nata aikin a wannan harka. Da ita za a tura wa mai shago hoton irin allon da ake so kafin ya tafi sari, a haɗa kuɗi ta OPay ko wurin mai POS, a sanar da ranar gasar unguwa a zauren WhatsApp. Mai son ƙwarewa a ches zai iya sauke Lichess, wadda kyauta ce kuma babu talla a cikinta, ya koyi dabara da rana, da yamma ya gwada ta a kan allo da abokansa.

Matasa huɗu da ke haɗuwa kullum a majalisa ɗaya, idan kowa ya rage kuɗin datar kwana kaɗan, sun isa su sayi allo guda da zai yi musu shekaru. Ranar da sabis ya sake ɗaukewa, ko mai caji ya rasa man janareta, majalisarsu ba za ta watse ba, kuma ƙannensu da ke kallo ba za su riƙa tsintar 'ya'yan dara daga ƙasa ba.