Darasin Zaman Jama'a Ba Na Cike Gurbi Ba Ne

A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar 2023, mutane fiye da miliyan 93 ne sunayensu ke cikin rajistar hukumar zaɓe, amma waɗanda suka fito suka jefa ƙuri'a wajen miliyan 25 ne kacal, watau kimanin kashi 27 cikin ɗari. A zaɓen 2003 kuwa kashi 69 cikin ɗari ne suka fito. Babu shakka dalilan wannan koma baya suna da yawa, akwai tsoron tashin hankali, akwai yanke ƙauna daga alkawuran 'yan siyasa, akwai kuma ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a lokacin zaɓen. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, kuma tushensa yana cikin aji. Yaro yakan shekara goma sha biyu a makarantar gwamnati ya fito bai san mene ne aikin kansilan mazaɓarsa ba, balle ya san yana da ikon tuhumarsa.

Abin mamaki shi ne ba a rasa wannan darasi a tsarin ilmin Nijeriya ba. Tun cikin shekarun 1960 aka fara gwada darasin zaman jama'a a makarantar sakandare ta Aiyetoro da ke Jihar Yamma ta wancan lokaci. Taron da ƙasashen Afirka suka yi a Mombasa ta Kenya a 1968, da babban taron tsara manhaja da aka yi a Ikko a 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa, duk sun ƙarfafa shi, domin a lokacin an ga irin ɓarnar da rashin sanin juna ke jawo wa ƙasa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ba shi gurbi sosai. A 2007 aka ware darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa ya tsaya da kansa, daga 2014 kuma ɗaliban sakandare suka fara rubuta shi a jarrabawar fita. A takarda dai an gama komai.

To, ina gizo yake saƙar? Duk wanda ya san makarantun gwamnati ya san yadda akan raba darussa a farkon zango. Lissafi da Ingilishi da kimiyya su ake fara nema wa malamai. Idan an gama, sai a duba wane malami ne aikinsa bai yi yawa ba, a miƙa masa darasin zaman jama'a, ko da kuwa aikin gona ya karanta a kwaleji. Shi kuma bawan Allah sai ya ɗauki littafi ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace cewa gwamnati rassa uku ce, ƙananan hukumomi 774 ne, su zuba a takardar jarrabawa, su manta kafin a dawo hutu. Ba laifin malamin ba ne, an ba shi gatari ne an ce ya yi aski.

Alhali kuwa abin da ke cikin wannan darasi ya shafi tuwon kowane gida. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 14, ya bayyana cewa tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 69 ya ba masu zaɓe ikon yi wa ɗan majalisar tarayya kiranye idan fiye da rabin waɗanda suka yi rajista a mazaɓarsa suka sa hannu, aka kuma tabbatar da haka ta ƙuri'ar raba gardama. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi sanin yadda aka kashe kuɗin jama'a. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Amma kuɗi ko sun iso sakatariya, wa zai tambayi inda suka shiga idan mutanen gari sun ɗauka rijiyar burtsatse kyauta ce daga aljihun ciyaman? Haka nan sashe na 24 ya jera nauyin da ke kan ɗan ƙasa, ciki har da biyan haraji da taimaka wa hukuma wajen kiyaye doka. Ma'aikacin da ya san wannan tun yana yaro ba zai ɗauki fayil ɗin talaka ya zauna a kai yana jiran na goro ba, ko kuma in ya yi, ya san abin da yake yi sunansa cin amana.

Gwamnatoci da dama sun lura da wannan giɓi, sai dai kowace takan nemi cike shi da gangami. An yi Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, mutane suka koyi bin layi muddin soja na tsaye da bulala. An kafa MAMSER a 1987, aka zaga ƙauyuka da motoci da lasifika, daga baya a 1993 ta rikiɗe ta zama hukumar wayar da kan jama'a ta ƙasa. Ba a ce waɗannan ba su tsinana komai ba, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sisin kwabon da aka kashe a kan ɗan aji huɗu ya fi naira da aka kashe a kan mai shekara arba'in.

Wasu iyaye da shugabannin makarantu sukan ce a zamanin da matasa ke yawo da takardu babu aiki, ɓata lokaci ne a tsaya kan darasin da ba ya kai yaro ga likitanci ko injiniyanci. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma injiniyan da zai gina gada yana bukatar majalisar da za ta tsare kuɗin gadar, majalisar kuwa masu ƙuri'a ne ke aika ta.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatun ilmi na jihohi su daina bai wa kowa da kowa wannan darasi. Kwalejojin horon malamai sun daɗe suna yaye waɗanda suka ƙware a kansa, a ɗauke su aiki, a tura su ƙauyuka yadda ake tura malaman lissafi. A bar malami ya yi wa yaran firamare bayani da harshen da suke ji, domin yaron da aka fassara wa haƙƙi da amana da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri zai kai maganar gida, wanda kuwa ya haddace da Ingilishi a littafi zai bar ta. Sa'an nan a fitar da darasin daga allo. A bar ɗalibai su zaɓi shugabanninsu da ƙuri'a, a ƙirga a gabansu, wanda ya faɗi ya miƙa hannu ga wanda ya ci. A kai 'yan sakandare kotun majistare su ga yadda ake shari'a, a kai su zauren majalisar jiha ranar da ake muhawarar kasafin kuɗi. Sufetocin makarantu kuma idan sun je rangadi, su riƙa tambayar wane ne ke koyar da wannan darasi, da abin da ya karanta, su rubuta amsar cikin rahotonsu.