Wa Ke Yi Wa Ɗan'uwan Mamaci Ta'aziyya?

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in kawo ta mujallarmu, don irin maganar da aka saba bari a gida ce. Amma na lura da wuya ka shiga wani aji a makarantar nan ka rasa wanda ya binne wa ko ƙane, ya ko ƙanwa, yana zaune yana kwafar lakca kamar kowa. Ni ma ina cikinsu.

Yayana ya rasu a bazarar 2025. Ɗan kasuwar albasa ne, yana sarowa a Aliero yana lodi zuwa Kudu, kuma shi ke biya min kuɗin makaranta tun da ƙarfin Baba ya ragu. Ranar Talata ya dawo gidanmu na Firchin a Jega da zazzaɓi da ciwon kai, aka ce maleriya ce, aka sayo magani a kemis. Laraba da dare ya kira ni sau biyu. Ina karatun tes, na ce gobe in na fito na neme shi. Alhamis da safe wuyansa ya sanƙare, ba ya gane mutane. Da aka kai shi asibiti aka ce sanƙarau ne. Bai kai la'asar ba. Ko da na sauka a tashar Jega an riga an dawo daga maƙabarta.

Kwana uku ina zaune kan tabarma a ƙofar gida, gefen Baba. Jama'a sun zo daga Aliero da Maiyama da Birnin Kebbi, Allah Ya saka musu da alheri. Kowa ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Ya haƙuri?" Mata su wuce ciki wurin Inna da matar mamaci. In an juyo kaina kuwa maganar takan sauya: "To, kai ab babba yanzu, sai ka riƙe gida." Ko kuma, "Ka kula da Inna, kak ka bari ta ga hawayenka." Na san ba wanda ya faɗa da mugun nufi. Amma a kwana ukun nan mutum ɗaya ne ya tambaye ni halin da nake ciki, wani direba da ke ɗaukar wa Yaya kaya. Ya ja ni bayan zaure ya ce, "Kai fa, ka ci abinci kuwa?" A nan na fara kuka.

Ra'ayina shi ne, mu Hausawa mun iya ta'aziyya, amma mun bar wani gurbi a cikinta. Ɗan'uwan mamaci aiki muke ba shi maimakon gaisuwa. Shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke amsa waya, shi ke raka baƙi bakin hanya, kuma daga ranar nan an ɗora masa kayan da mamaci ya ajiye. Ko a harshenmu za ka ga gurbin. Wanda ya rasa uba maraya ne. Matar da ta rasa miji tana takaba, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki. Wanda ya rasa ɗan'uwa fa? Ba mu da sunan da muke kiransa, alhali mu ne muke cewa ɗan'uwa rabin jiki.

Ku duba ko wane ne ɗan'uwa. Da shi kuka ci tuwo kwano ɗaya, kuka sha bulalar makarantar allo tare, kuka yi faɗa kan katifa. Ya san ka tun ba ka san kanka ba. Iyaye, bisa al'ada, muna sa ran za su riga mu. Ɗan'uwa kuwa da shi ake lissafin tsufa: shi zai karɓa maka aure, shi zai yi wa ɗanka huɗuba in ba ka gari. In ya tafi, ya tafi da rabin labarin yarintarka, da wasu shekaru talatin ko arba'in da ka ɗauka kuna tare.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa min: "Musulmi haƙuri aka san shi da shi, kuma zaman makoki kwana uku ne." Gaskiya ne, ban ja da wannan ba. Sai dai abin da na koya wurin malamanmu shi ne, kwana ukun nan iyakar nuna makoki ne a fili, irin barin ado da ƙamshi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Hawaye da ciwon zuciya ba a yanka musu kwana ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Sayyidina Umar, wanda aka sani da tauri, ya rasa ɗan'uwansa Zaidu a yaƙin Yamama, kuma masu tarihi sun ruwaito ya daɗe yana ambatonsa cikin kewa.

Mu dawo gida. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, 'yar'uwarsa Nana Asma'u ba ta ɓoye abin da ta ji ba, sai da ta rubuta masa marsiyya. Ta rayu bayansa har 1864 tana karantar da mata ta hanyar jajis da 'yan taru. A nan kusa da mu, Malam Abdullahin Gwandu ya rasa yayansa kuma malaminsa Shehu Usmanu a 1817, ya ci gaba da karantarwa da rubutu a Gwandu har ƙarshen rayuwarsa. Waɗannan sun fi mu sanin haƙuri. Idan malama kamar Nana Asma'u ta ga ya dace ta rubuta kewar ɗan'uwanta, mene ne hujjarmu ta ce wa yaro ɗan ND I ya haɗiye tasa?

Haɗiyewar nan tana da farashi, kuma a makaranta ake biyansa. Na dawo bayan sati biyu na tarar an yi tes biyu ba ni. Malami ɗaya ya sake min, Allah Ya biya shi. Ɗayan kwas ɗin na kwaso kari-oba. Ba wannan ne ya fi damuna ba. In na buɗe handawut sai in karanta layi ɗaya sau biyar ban san me ya ce ba. Barci ya ƙaurace. Kiran nan biyu da ban ɗaga ba suna nan a wayata, kullum dare sai na duba su. Abokaina sun yi min gaisuwa ranar da na dawo, daga nan kowa ya kama bakinsa, in na shigo ɗaki ana hira sai a yi tsit. Bayan wata biyu wani ya gan ni na yi tagumi ya ce, "Haba, har yanzu?" Eh, har yanzu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ana yawan cewa rashi yana girmar da mutum. Akwai gaskiya a ciki, amma a yi hattara da yadda ake faɗa. Da za a ba ni zaɓi, na yarda in zauna da wautata Yaya yana raye. Girman ba ladan rashin ba ne, kuma ba ya zuwa ranar sadakar uku don an ce maka kai ne babba. Nawa ya fara ne ranar da Baba ya miƙo min littafin bashin Yaya, wani tsohon littafin rubutu mai warin albasa. Na bi shi shafi-shafi a hutun zango: waɗanda yake bi, da waɗanda ke bin sa. Wani a Maiyama ya kawo kuɗin da ba a ma rubuta ba. Wani kuma da aka rubuta ya rantse bai san zancen ba. A shafin ƙarshe na ga sunana, da kuɗin rajistata na zango mai zuwa, ya fara tarawa kaɗan-kaɗan. A wata ɗaya na san mutane fiye da yadda na san su a shekara ashirin, na kuma san yayana fiye da lokacin da yake raye.

Abu na biyu, na daina tsoron tambayar abin da ya kashe shi. A gidajenmu in ka ce "da an kai shi asibiti da wuri" sai a ce kana ja da ƙaddara. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya umarce mu da neman magani. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 da ake zargin sanƙarau ne, akasari a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero. Ba sabon baƙo ba ne. Annobar 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, ta 2017 kuma sama da 1,000, kuma Kebbi na cikin jihohin da ta taɓa. Muna cikin yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi daga lokacin hunturu zuwa faɗuwar damina. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman inda ake kwana a cunkushe, kuma tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Duk mai kwana a hostel ya san ɗakinmu ake nufi. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske ko rikicewar hankali: wannan ba na kemis ba ne, asibiti ne nan take, don ana maganinsa da allura in an zo da wuri. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. In an zo yi, ku miƙa hannu. Na riga na kai 'ya'yan Yaya.

To, me nake roƙo? Ga abokan aji: zumunci a ƙafa yake. Kada gaisuwarku ta ƙare a saƙon WhatsApp na rukunin aji. Ku je ɗakinsa bayan wata ɗaya, lokacin da kowa ya watse. Ku ajiye masa abin da aka karantar ba ya nan. Kada ku ji tsoron ambaton mamacin. Ba tuna masa za ku yi ba, ai bai manta ba. Ku ce, "Wane irin mutum ne yayanka?" sannan ku yi shiru ku saurara. Ga 'yan'uwanmu mata abin ya fi nauyi, don ita ke kwana a madafa duk kwanakin makoki, ta dawo makaranta ba wanda ya gan ta zaune a tabarma.

Ga ƙungiyar ɗalibai: daraktan walwala ya san da duk ɗalibin da aka yi wa rashi, ta hannun wakilan aji. A samu tsayayyar hanya, takarda ɗaya da za a kai sashe, wadda za ta ba ɗalibi damar rama tes, don kada abin ya dogara da sa'ar malamin da ka samu. A kuma tuna cewa a gidaje da yawa mamacin shi ne mai biyan kuɗin makaranta. Ɗalibin da ya rasa yayansa yana iya rasa karatunsa a zango na gaba ba wanda ya sani. Ƙaramin asusu, ko tsaya masa a ɗaga masa ƙafa kan rajista, zai iya ceton difilomar mutum.

Ga ɗan'uwana da ke cikin wannan hali, namiji ko mace: ka kula da Inna, amma kai ma an yi maka rashi. Ka samu mutum ɗaya da za ka riƙa faɗa wa gaskiya, aboki ko limami ko malami. In watanni sun ja ba barci ba cin abinci, ba ka iya komai, ko ka fara neman kwaya don ka manta, ka je asibitin makaranta ka yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya baƙin cikin rashi mai tsawo da ke hana mutum harkokinsa cikin jerin matsalolin da ake dubawa. Ganin likita kan wannan ba hauka ba ne, kada tsokanar "sai Kware" ta hana ka.

Ni dai na rama kari-obana a zangon da ya wuce. Kiran nan biyu ban share su ba, amma na daina duba su kullum. Ranar da na gaya wa Inna labarinsu, ina tsammanin za ta yi fushi, sai ta ce, "Ai ce maka za ya yi ka yi karatu, mi ya sani in ba wannan ba?" Muka yi dariya, muka yi kuka tare, karo na farko tun rasuwar. Ashe ita ma ɓoye min nata hawayen take yi, don an ce mata kada ta karya min zuciya.

Allah Ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka riga mu, Ya kai haske ƙabarinsu, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.