Fim ɗin ban tsoro ba shirme ba ne

Da zarar ka ce kana son fim ɗin ban tsoro, sai a yi maka kallon wanda bai san ciwon kansa ba. Masu sharhi sun daɗe da yanke hukunci: jini ne da ihu, na yara ne da marasa abin yi, fim na ƙwarai kuwa shi ne na tarihi ko na soyayya mai sa hawaye. Masu raba kyautar Oscar ma ra'ayinsu ke nan. Tun da aka fara bikin a 1929, The Silence of the Lambs na 1991 ne kaɗai fim ɗin da ake lissafawa a wannan rukuni da ya zama gwarzon shekara. Ni dai na ce wannan hukunci zalunci ne, kuma akasarin masu yanke shi ba su zauna sun kalla ba.

A ɗauki Night of the Living Dead, wanda George Romero ya shirya a ƙauyukan kusa da Pittsburgh a Amurka, ya fito a Oktoban 1968. Ba shi da kala, kuɗin da aka kashe bai wuce dala 114,000 ba. Gawarwaki ne suka tashi suna cin naman mutane, wasu bayin Allah suka fake a wani gidan gona. Wanda ya fi kowa natsuwa da dabara a cikinsu shi ne Ben, baƙar fata, wanda Duane Jones ya fito a matsayinsa. Shi ke toshe tagogi da katako, shi ke ba da umarni, har ya kai wa wani Bature matsoraci duka. Ku tuna wace shekara ce: a Afrilunta aka harbe Martin Luther King.

Ben kaɗai ya kai safiya da rai. Gari na wayewa, ga tawagar Turawa da bindigogi da karnuka suna bi suna harbe gawarwakin. Suka hango motsi ta taga, ba tambaya, ba sallama, suka ɗirka masa harsashi a goshi. Aka ja gawarsa da ƙugiya aka jefa a wuta, cikin hotuna marasa motsi masu kama da waɗanda ake ɗauka bayan an yi wa baƙar fata kisan gilla a Kudancin Amurkar. Wane babban kamfanin Hollywood ne yake da ƙarfin halin ƙare fim haka a lokacin? Wasu na cewa dace ne, tunda Romero da kansa ya ce ya ɗauki Jones ne don ya fi sauran iya wasa. To, sai me? Abin da ɗan kallo ya gani a 1968 ya gani, kuma ya gane shi sarai. A 1999 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin waɗanda za a adana wa ƙasa.

Haka Godzilla na Ishiro Honda. Yau ana yi masa kallon dodon roba mai rushe gidajen kwali, alhali ya fito ne a 1954, shekara tara bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, watanni kaɗan bayan tokar gwajin nukiliyar Amurka a tsibiran Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan. Mutanen Tokyo sun san wutar da dodon ke fesawa. Mu da muka tashi da tatsuniyar Dodo a bakin kakanninmu bai kamata a koya mana wannan ba, domin ba don a firgita mu kawai ake ba mu ita ba.

Na yarda akwai tarkace a wannan fanni, masu yawa ma, waɗanda ba su da komai sai yanka da tsiraici, kuma ba na ba yaro shawarar kallonsu. Amma fina-finan soyayya marasa ma'ana sun fi su yawa, ba wanda ya ce a yi watsi da soyayya gaba ɗaya. Ana auna kowane fanni da mafi kyawunsa, wannan ne kaɗai ake aunawa da mafi muninsa.

Sai a 2018 aka ba Jordan Peele kyautar Oscar ta rubutun labari na asali saboda Get Out, fim ɗin ban tsoro a kan wariyar launin fata, ya zama baƙar fata na farko da ya ci ta. Romero ya rasu a Yulin 2017 ba a taɓa ko sa sunansa cikin 'yan takara ba.