Harbi Ɗaya, Ɗawainiya Goma: Kuɗin da Farautar Beyar ke Ci Bayan Dabba ta Faɗi

Makalarmu ta wannan mako za ta kai mu jihar Alaska ta Amurka da ƙasar Kanada, inda ake farautar beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da manyan farata. Mukan ga hoton mafarauci ya tsuguna kusa da abin da ya harba yana murmushi, sai mu ɗauka aiki ya ƙare. Alhali a nan ne aljihunsa zai fara kuka.

Tun kafin ya shiga daji, Ba'amurken da ba mazaunin Alaska ba zai biya dala 160 na lasisi, da dala 450 na izinin harbin baƙar beyar, ko dala 1,000 idan babbar ce mai ruwan ƙasa. Wannan somin taɓi ne.

Da dabba ta faɗi, sai a hanzarta fiɗa, domin kitse da ɗumin jiki kan sa gashi ya fara zuba, kuma fatar da ta zubar da gashi ta tashi aiki. Za a kankare kitsen, a juya kunnuwa da leɓɓa, a zare ƙasusuwan tafin ƙafa, a zuba gishiri mai yawa. A yawancin yankunan jihar, doka ta ce a kai fatar da ƙoƙon kai gaban jami'ai cikin kwana 30 su sa hatimi. Daga nan sai majemi, wanda galibi da tsawon fata yake yanka farashi, kuma sai an jira shi watanni.

Nama ma da nasa lissafin. Mahauci zai yanka, ya niƙa, ya ƙunshe, ya daskarar, ya karɓi ladansa gwargwadon nauyi. Sannan naman beyar kan ɗauki wata tsutsa mai suna tirikinela, wadda firiza ba ta kashe irin ta ƙasashen sanyi. Sai an dafa shi zafin cikinsa ya kai digiri 74. A 2022 mutum shida suka kamu da cutar a wani taron dangi a jihar Dakota ta Kudu, inda aka gasa naman beyar da aka harbo a Kanada, duk da ya kwana 45 a firiza.

Sai kuma dako. Jiragen sama kan tsayar da nauyin jaka a kilo 23, abin da ya haura a biya. Tsallaka iyaka kuma yakan buƙaci takardar yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji. Farar beyar ta ƙanƙara kuwa, tun 2008 Amurka ta hana mafarautanta shigo da fatarta daga Kanada.

Wasu mafarauta na ƙorafin cewa tsadar ta mayar da farauta wasan masu kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma mu a ganinmu wannan ɗawainiya ita ce haƙƙin dabbar. Wanda ba zai iya biyan gishiri da mahauci da majemi ba, bai cancanci ya ɗana kunamar bindiga ba, domin ƙarshenta zai bar rai ya ruɓe a banza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa a yankuna da dama na Alaska, wanda ya harbi baƙar beyar daga Janairu zuwa ƙarshen Mayu dole ya fito da namanta daga daji.

Mu da muka gaji sana'ar jima, ya kamata wannan ya taɓa mu. Fatar jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, Kano kuma ta yi suna da majema tun zamanin fatake. Amma duk Babbar Sallah, fatun raguna nawa ke lalacewa a ƙofar gidajenmu saboda wuƙar da ta huda su, ko gishirin da aka ƙi saye? Can suna ware kuɗin fata tun dabba tana yawo a daji. Mu ma idan layya ta matso, mu sa gishiri da mai iya fiɗa cikin lissafin rago.

Allah ya sa mu dace.