A BAR WA ZABUWAR DAJI ƘWANTA



Ranar kasuwar da ta wuce na ga wani yaronmu da hula cike da ƙwan zabin daji, ya kwaso a gefen gonar rogo. Da aka fasa ɗaya, sai ga ɗan tsako har ya yi gashi. Na yi masa magana, wani babba ya tare ni da cewa: "Sakatare, ai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." To, ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Zabuwar daji da makwarwa da yautai ba sa sheƙa a kan bishiya. Zabuwa takan ɗan tona ƙasa a cikin ciyawa mai duhu, ta saka ƙwai shida zuwa goma sha biyu, ta kwanta a kai wajen kwana 26 zuwa 28. Yautai kuwa ko tona ƙasar ba ya yi, a kan tsurar ƙasa yake ajiye ƙwai ɗaya ko biyu. Ba su da ƙofa, ba su da katanga. Duk tsaronsu launin jikinsu ne da ya saje da ƙasa, da kuma lafewar da uwa take yi har ka kusa taka ta. Da wannan dabara suke tsira daga maciji da damo da shaho. Amma dabarar ba ta cin mutumin da ya zo da kare da ashana.

Wanda ya harbi zabo ɗaya, ɗaya ya kashe. Wanda ya kwashe sheƙa, garke guda ya hallaka. Kuma sau da yawa ƙwan ma ba ya ciwuwa, zubarwa ake yi.

Masu cewa "daji ba ya ƙarewa", ku tambayi dattawanmu: a garuruwanmu na Arewa, yaushe rabon da su ga tuje a bayan gari? Mun cinye na gida, yanzu kuma za mu share na Oke-Ogun? Alhali tsuntsayen nan su ne ke tsince fara da gara da kaska a gonaki da makiyaya, ba a biyansu ko sisi.

Sannan ga cinna wa daji wuta da rani don farauta. Wuta ba ta san iyakar gona ba. Ta ci tsuntsun da ke kwance, ta ci rogo da kashun mai gona. Idan rigima ta tashi kuma, ba sunan yaron za a kira ba, "Hausawa" za a ce, Sarkinmu ne zai je ba da haƙuri.

Ku tuna, sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, Manzon Allah (SAW) ya ga tashin hankalinta, ya umarce su da su mayar mata.

Ba mu hana kowa sana'ar ƙwan zabi ba. Zabin gida suna nan, da damina ƙwansu cika kasuwa yake yi. A kiwata, a saro, a sayar. Roƙonmu uku ne: wanda ya ga sheƙa ya wuce abinsa, a ɗaure karnuka lokacin kwanci, kuma masu tire kada su sayi ƙwan daji a hannun yara. In babu mai saye, ba mai kwasowa.

Zan gabatar da batun a taronmu na ƙarshen wata. Mai ja da ni ya zo mu yi ta gaba da gaba.

Allah Ya sa mu gane.

Sakataren Ƙungiya