Ranka Ya Daɗe, a Auna Idon Kafin a Yanke Hukunci: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa



Maganar ƙanena ce ta sa na ɗauki alƙalami. Zabiya ne, malamin lissafi a wata sakandare. Yana karanta jarida in ya matso da ita, kuma tun yana firamare yake hawa keke bai taɓa buge kowa ba. Ranar da ya ce zai shiga makarantar koyon tuƙi, wani dattijo a unguwarmu ya dube shi ya ce, "Kai da rana ke kashe wa ido, wa zai ba ka lasin?" Daga nan jikinsa ya yi sanyi, bai je ba. Yau shekara shida ke nan wani kaso mai tsoka na albashinsa yana tafiya a kuɗin adaidaita sahu.

Ba na rantsuwa cewa ƙanena ya cancanci riƙe sitiyari. Mai yiwuwa idan an auna shi a tarar bai kai ba, kuma in haka ta faru zan fi kowa hana shi, domin 'ya'yana ma suna tsallaka titi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an yanke masa hukunci da kallon fuska. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan magana kima ba ta isa ba, mudun ake bukata.

Tsakanin mai lafiyayyen ido da makaho akwai jama'a masu ɗimbin yawa, kuma larurarsu ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai ido ɗaya da ɗayan ke gani tangararas. Akwai mai dundumi, wanda da rana garau yake, sai magariba ta yi hanya ta ɓace masa. Akwai mai yanar ido, wanda aikin da bai kai awa ɗaya ba zai iya dawo masa da ganinsa. Binciken makanta da raunin gani da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama, hawan jinin ido na biye, sannan mafi yawan masu matsakaicin raunin gani tabarau kawai suka rasa. Ke nan da yawa daga waɗanda za su faɗi gwajinku yau, takardar zuwa asibiti suke bukata, su dawo bayan wata biyu su ci.

Mai hawan jinin ido shi ne ya fi ba ni tsoro, kuma shi ne allon haruffa ba ya kamawa. Cutar tana cin gani ne daga gefe, a hankali, ba zafi ba ciwo. Mutum zai karanta layin ƙasa na allo tsaf, a buga masa hatimi, alhali duniya ta zame masa kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ba zai ga ɗan acaɓan da ya ɓullo ta hagu ba, ba zai ga yarinyar da ta sauko daga bakin kwalbati da farantin talla ba. Gwajin da ya tsaya ga haruffa zai wuce da wannan, ya tare wanda layi ɗaya ya gagara amma yana ganin gefensa sarai.

Wasu ƙasashe sun daɗe da raba wannan gardama da lissafi. A Ingila ana so mai neman lasin ƙaramar mota ya karanta lambar mota daga nisan mita 20, ganinsa kuma ya kai 6/12, wato ya karanta daga mita 6 abin da lafiyayye ke karantawa daga mita 12, ko da da tabarau ne. Mai ido ɗaya yana tuƙi a can muddin idon ya cika sharuɗɗa. Tarayyar Turai ta ƙara da awon faɗin gani, digiri 120 daga gefe zuwa gefe. A jihohi da yawa na Amurka, da kuma Holan tun 2009, an yarda mai raunin gani ya yi tuƙi da wani tabarau mai ɗan ƙaramin madubin hange a samansa. Yana kallon hanya ta gilashin ƙasa, in yana son karanta alama sai ya ɗan sunkuyar da kai na ƙiftawar ido. Sai an horar da shi an jarraba shi a kan titi, kuma sau da yawa lasin rana kaɗai ake ba shi. Zabiyoyi na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa.

Shawarata ita ce hukumarka ta buɗe irin wannan hanya ta tsakiya. A samar da lasin mai sharaɗi, a rubuce a jikin katin yadda jami'inku da na VIO za su gani: wannan sai da tabarau, wannan rana kawai, wannan motar gida ban da haya. A taƙaita wa'adinsa ya gaza shekara 3 ko 5 da aka saba, a riƙa sake awo. Direban tirela da na bas mai ɗauke da rayuka 18 kuwa, a tsananta musu, ba ni da ja.

Duk wanda bai ci gwajin farko ba, kada a sallame shi da baki. A ba shi sakamakonsa a rubuce, da lambar da ya samu da wadda ake nema, a tura shi ga likitan ido. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da asibitocin koyarwa. Rahoton likita ya zama abin da za a ɗaukaka ƙara da shi. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta ware mutum saboda larurarsa. Hana lasin bisa awo kiyaye rai ne, hana shi bisa launin fata ko rawar ƙwayar ido kuwa ya faɗa cikin abin da dokar ta haramta.

Akwai kuma abin da ka fi ni sani, tunda hukumarka ta sha yin gargaɗi a kansa: 'yan tsakani da ke samo wa mutum kati yana zaune a gida. Duk sa'ad da mai raunin gani ya tabbata za a kore shi in ya faɗi gaskiya, wajensu zai nufa, ya hau titi ba awo ba sharaɗi, har da dare. Lasin mai sharaɗi zai jawo shi ya shigo ta ƙofa.

Ina roƙon ka zaunar da likitocin ido, da Hukumar Kula da Masu Bukata ta Musamman, da wakilan zabiyoyi, a fitar da ƙa'idar a rubuce, a karanta ta da Hausa a rediyo da tashoshin mota. Ni kuma na riga na karɓa wa ƙanena katin ganin likita, ranar Litinin zan kai shi a auna.

Allah ya taya ka riƙo, ya kiyaye hanya.

Naka,
Wani ɗan ƙasa, daga Zariya