Yaron Da Ya Sauya Bayan Zazzaɓi Ya Fara Kiran Mutuwa, Asibiti Za A Kai Shi

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da iyaye, malaman makaranta, limamai da hukumomin lafiya na Jihar Katsina a kan wani ciwo da muke gani a gidajenmu amma ba mu ɗauke shi ciwo ba.

Yaro zai yi zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, ya kwanta ya tashi, a yi wa iyaye barka da arziki. Bayan 'yan makonni sai a ga kamar an musanya shi. Mai fara'a ya koma kuka ba dalili. Wanda ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo da shi. Wani ya ƙi abinci ya ce akwai ƙazanta a ciki, wani ya yi ta maimaita alwala har a idar da salla bai gama ba. Mafi tayar da hankali, wani ya fara buga kansa da bango ko cizon hannunsa har jini ya fito, ko ya buɗe baki ya ce gara ya mutu ya huta. A nan Karofi da ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, fassararmu ba ta wuce uku: iska ce, sammu ne, ko kuma taurin kai ne, bulala ce maganinsa. Akwai fassara ta huɗu, wadda likitoci suka daɗe da saninta. Cutar da ta shiga jikin yaro tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa, ta sauya halinsa, har ta sa masa tunanin hallaka kansa, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna samun sauƙi idan aka kai su asibiti da wuri.

Ni malamin firamare ne, a aji na fara ganin abin. Wata yarinya ce 'yar kimanin shekara goma, mai kyan rubutu da natsuwa. Rubutunta ya lalace cikin ɗan lokaci, fensir yana suɓuce mata, kafaɗunta da fuskarta suna motsi ba da sonta ba. 'Yan aji suka ce tana yi musu gwalo, a gida aka ce ta koyi rashin kunya don tana ɓarar da kwanon miya. Ta sha duka, ta sha hayaƙi. Ranar da ta gaya wa yayarta cewa ta gaji da duniya, wani kawunta ya dage aka kai ta asibiti a Katsina. Tambayar farko da likita ya yi wa uwar ita ce: “Ta yi ciwon maƙogwaro a watannin baya?” Ta yi kuwa, har an kai ta wurin wanzami. Aka duba zuciyarta, aka ɗora ta a kan magani, ta dawo makaranta.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila, Thomas Sydenham, ya bayyana shi tun 1686, da sunansa ma ake kiran ciwon har yau. Asalinsa wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira sitirep, mai kawo ciwon maƙogwaro da kumburin hakin wuya. Garkuwar jiki takan tashi ta yaƙe ta, amma a wasu yara sai ta yi irin ta karen gadi da ya kori ɓarawo sannan ya juyo ya cafki ɗan gida: ta far wa gaɓoɓi, ƙofofin zuciya da wani sashe na ƙwaƙwalwa mai kula da motsi da ɗabi'a. Ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, ya fi yawa a 'yan mata, kuma yakan bayyana makonni ko watanni bayan maƙogwaron ya warke, lokacin da kowa ya manta da shi. Motsin yakan tsaya idan yaro ya yi barci. Sau da yawa saurin kuka, fushi da waswasi sukan riga motsin bayyana. Yaron da aka tabbatar yana da shi akan yi masa allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu na tsawon shekaru, don kada ciwon ya dawo ya lalata zuciya. Cire belu ko yanke hakin wuya a hannun wanzami ba ya kashe wannan ƙwayar cuta, sai dai ya ƙara wa yaro haɗarin zubar jini da wata cutar.

A 1998 wata likita a Amurka, Susan Swedo, da abokan aikinta suka ba da rahoton yara 50 da waswasi mai tsanani ko fizgar jiki ya faɗo musu dare ɗaya bayan irin wannan ciwon maƙogwaro, suka raɗa masa suna PANDAS. Har yanzu likitoci suna muhawara a kan iyakar wannan ciwo da maganin da ya fi dacewa da shi. Abin da ba su yi saɓani a kai ba shi ne, yaron da halinsa ya sauya farat ɗaya yana bukatar a bincika jikinsa, kuma wanda ya ambaci kashe kansa ba a jinkirta masa.

Mu a nan, abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne cututtukan da muka saba da su. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma duk damina muna ganin yaran da zazzaɓin ya hau musu kai, suka yi jijjiga, suka suma. Binciken da aka yi a Yuganda ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tsira daga irin wannan zazzaɓi suna fama da raunin fahimta shekara biyu bayan sun tashi, wasu kuma su koma masu faɗa da rashin zama wuri ɗaya. Sanƙarau ma haka. Manya ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, ga kuma ta 2017 da ta ratsa Zamfara, Sakkwato da Katsina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau yakan tashi da wata lalura mai ɗorewa, kurumta ko farfaɗiya ko sauyin hali. Taifot kuwa, tun 1972 Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan suka nazarci majinyata 959, suka nuna yadda yake kawo sambatu, ruɗewa har da abin da ya yi kama da taɓin hankali. Waɗannan yara suna nan cikinmu. Mun yi murnar tsirarsu, sannan muka bar su da abin da ciwon ya bari, muna kiransu daƙiƙai ko marasa ji.

Ba kowane sauyin hali ne daga cuta ba. Yaran yankinmu sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba: harin 'yan bindiga, gudun dare, sace iyaye. Firgici kaɗai yana iya hana yaro barci ya sa ya tsani rayuwa. Akwai cin zarafi da yaro ke ɓoyewa, akwai ƙwayoyin maye. Raba waɗannan da juna aikin likita ne, shi ya sa nake roƙon iyaye su riƙa ba da cikakken labari: yaushe abin ya fara, wane ciwo yaron ya yi kafin nan, wane magani aka sayo masa a kemis. Idan kuma akwai zazzaɓi tare da ruɗewa, sanƙarewar wuya ko jijjiga, to ba a kwana da shi a gida.

Ya ku iyaye, idan ɗanku ya ce yana so ya mutu, kada ku ce masa “rufe mana baki”, kada ku ce yarinta ce. Ku zaunar da shi, ku tambaye shi a hankali ko yana tunanin cutar da kansa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin, hasali ma sauƙi take kawo masa, don ya samu wanda ya ji shi. Yaron da ke cikin wannan hali sau da yawa shi kansa tsoron tunanin yake ji, yana zuwa masa ba da sonsa ba, yana jin kunyar faɗa don kada a ce ya yi saɓo. Kada a bar shi shi kaɗai. Kada a daka shi, kada a ɗaure shi. A gaya masa ciwo ne, ba laifinsa ba ne, kuma za a nema masa magani.

Sai maganar da ta shafi kowane gidan manomi. Maganin feshi na ƙwari da na ciyawa, fiya-fiya da maganin ɓera suna zaune a ɗakunanmu, a ƙarƙashin gado ko bayan randa, wani lokaci ma a cikin robar lemo. Tunanin hallaka kai a wurin yaro yakan zo ne kamar walƙiya ya wuce; idan babu abin cutarwa a kusa, sai lokacin ya wuce yana raye. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi haɗari, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, kuma noma bai faɗi ba. Mu ba sai mun jira doka ba. Akwatin ƙarfe da kwaɗo, makulli a aljihun maigida, ya wadatar. Haka ma ragowar magungunan asibiti.

Ga malamanmu da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, wurinku ake fara zuwa kafin a je ko'ina. Ba wanda ya ce a bar addu'a, mu Musulmi ne, da ita muke kwana muke tashi. Amma addininmu ya yi umarni da neman magani, kuma malaman fiƙihu sun yi bayani cewa yaron da bai balaga ba da wanda ciwo ya gusar wa hankali ba a kama su da laifi kamar mai cikakken hankali. Saboda haka tsorata yaro mara lafiya da wuta ba zai warkar da shi ba, ƙara masa nauyi zai yi. Idan aka kawo muku yaro don ruƙiyya, ku tambaya ko ya yi zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro kwanan baya, ku yi masa addu'a, ku ce a wuce da shi asibiti yau. Kalma ɗaya daga bakin liman ta fi takarda goma daga ofis. Abin da aka gani a gidajen mari da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019 ya isa ya nuna mana inda ɗaure mara lafiya yake kai mu.

Ga gwamnati kuma ina da buƙatu huɗu. Na farko, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, na yara kuwa sun fi ƙaranci. Talakan Karofi ba zai iya zuwa Kware ta Sakkwato, Barnawa ta Kaduna ko Dawanau ta Kano cikin sauƙi ba, balle a wannan yanayi na hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin koyar da ƙananan ma'aikatan lafiya gane ciwon ƙwaƙwalwa da ba da taimakon farko, an kuma gwada shi a ƙasar nan. A horar da ma'aikatan asibitocin shan magani na mazaɓunmu da na manyan asibitocin Dutsin-Ma da Kurfi, a haɗa su da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ta yadda za su iya kiran likita a waya. Na biyu, duk yaron da aka sallama bayan sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai a ba shi ranar dawowa, a duba jinsa, karatunsa da halinsa. Masu bi gida-gida suna raba maganin rigakafin zazzaɓi duk damina, shirin da aka fara a jiharmu tun 2013, za su iya yin wannan tambaya a bakin ƙofa. Na uku, a tabbatar allurar fenisilin ba ta yankewa a asibitocin karkara, kuma a daina ɗaukar ciwon maƙogwaron yara da wasa. Na huɗu, a gyara doka. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma sashe na 231 na dokar final kot ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Tsoron 'yan sanda da tsoron bakin mutane su ke sa iyaye su rufe ƙofa a kan ɗansu maimakon su ruga asibiti. Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Ina kira ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya su sa baki.

Mu malaman makaranta ma akwai namu. Mu ne muke ganin rubutun yaro kullum, mu ne za mu fara lura idan ya lalace, ko mai ƙoƙari ya koma zaman shiru a ƙarshen aji. Kafin mu ɗaga bulala, mu tambayi yaron ko ya yi ciwo, mu aika a kira uwarsa ko ubansa.

Ba abin kunya ba ne a ce ƙwaƙwalwar ɗanka ta yi ciwo, kamar yadda ba abin kunya ba ne a ce ƙirjinsa ya yi. Duk wanda ya karanta wannan wasiƙa kuma ya san gidan da ake ɓoye irin wannan yaro, ya taimaka ya je ya yi magana da maigidan cikin mutunci, ya raka su asibiti in da hali. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu.

 

Naka,
Wani malamin firamare,
Karofi, Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, Jihar Katsina.